Allurar Baffa da 'Yan Dutsensa

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma komawarmu take. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ban san damata da haguna ba, ya rasu wata Laraba a tsakiyar sanyi, a ƙauyenmu da ke kusa da Dogarawa. Muka kai shi makwancinsa kafin azahar, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Kwana bakwai na yi ina karɓar gaisuwa, kuma wallahi da kunne yana da murfi da na rufe nawa. Wani tsoho ya sauko daga motar Illela, ya durƙusa ya shafa fatiha, ya ce, "Allah shi jiƙan Mai Tinya." Haka kawai, a gaban kowa, kamar sunan da aka raɗa masa ke nan ranar suna. Aka ce amin. Wani tsohon jandarma, wato ɗan sandan karkara, da suka yi zama tare da Baffa ya ce, "Mutum ne mai gaskiya ƙwarai. Sai dai abin nan nasa." Ya nuna rumfar da ke gefen zaure da haɓarsa, bai ƙarasa ba. Mata biyu da za su shiga wajen Inna, matar Baffa, suka tattare zanensu suka raɓa ta can nesa da rumfar, ɗaya har tana tofi. Babu wanda ya ambaci itatuwan dogonyaron da ke bakin hanyar kasuwa, waɗanda a inuwarsu suka ajiye kekunansu da jakunansu, alhali Baffa da hannunsa ya dasa su ɗaya bayan ɗaya.

Mutum guda ne ya faɗi abin da ya sanyaya mini rai. Wani Bafillace ne dogo, ya zo da ƙwaryar nono ya ajiye, ya zauna can gefe. Da zai tashi ya ɗora yatsa a idonsa na hagu, ya ce, "Wanga ido nashi ne." Mutane suka dubi juna. Ni kaɗai na gane abin da yake nufi.

Ga wanda bai sani ba, tinya wani itace ne mai kauri da ƙaya, in an soke shi farin nono yake fitarwa mai dafi. Da shi maharban da suke haɗa dafin kibiya, kuma ana cewa mugaye na ajiye shi a bayan ɗaki. A ƙasarmu ba shi da yawa, sunansa aka sani fiye da kamanninsa, shi ya sa duk wani abu mai ƙaya da ba a gane ba sai a ce tinya. Wannan kalma guda ita ta bi Baffa shekara goma, ta raba shi da wansa, ta raka shi har bakin kabari. Ya bar mini amanar abin da zai wanke shi, ni kuwa na saki amanar. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Ni ɗan fari ne. Mahaifina, wanda nake kira Baba, bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa ɗaukata a kafaɗa ba. In yana son ruwa ina kusa, sai ya ce da iska, "Wancan shi kawo ruwa." Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka muka taras. Da aka yaye ni ya miƙa ni ga ƙanensa, wanda Allah bai ba haihuwa ba. A hannun Baffa na yi dariya, a hannunsa na sha bulala, shi ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, har na zama mushe, malamin makaranta, ina koyar da yara a Illela. Baba kuwa, har na yi furfurar fari ban taɓa duban ƙwayar idonsa ba, balle in ce masa ya yi ko ya bari.

Baffa ma'aikacin gandun daji ne, a wurin renon itatuwa ya ƙare aikinsa. Gajere ne, maras yawan magana, mai tafiya yana duban ƙasa kamar wanda ya yar da wani abu. A naɗin hularsa kullum akwai allura guda. Ba don ɗinki ba. In ya ga tsiron da bai sani ba sai ya tsuguna, ya zaro ta, ya soka, ya jira ya ga abin da zai fito. Maganarsa ke nan a kan komai, ko kan itace ko kan mutum: "Soka ka gani." In Inna ta kawo masa labarin cewa sabuwar maƙwabciya mayya ce, sai ya ce, "Kin soka?" Ta ce, "Kai dai, Malam, wata rana ni za ka soka." Ya ce, "Ke na daɗe da sanin abin da ke cikinki, barkono ne."

'Yan dutsen sun zo gidanmu ne a cikin akwatin katako, a bayan kekensa. Wani Bature injiniya da ya yi aiki a Malbaza, wanda Baffa ke kai wa dashe, shi ya bar masa su da zai koma ƙasarsu. Wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne, babbansu bai fi ƙwan zabo ba, duk jikinsu ƙaya, babu ganye ko ɗaya. Baturen ya ce sunansu kaktus, asalinsu daga wasu duwatsu masu tsawo ne a Amirka ta Kudu, inda sanyi ke fasa dutse, ruwa kuma ba ya tsayawa. Baffa ya ce wannan suna ba zai zauna a bakinsa ba, ya raɗa musu 'yan dutse.

Inna ta leƙa akwatin ta tafa hannu. "Malam, mi ke nan? Ana ci?"

"Ba a ci."

"Shina maganin wani abu?"

"Ba shi yi."

"Inuwa fa?"

Ya ci gaba da fito da su daga akwatin. Ta ce, "To Allah shi kyauta. Wasu Baturensu shi bar musu rediyo, kai naka ya bar maka ƙaya."

Wahalar da ya sha a kansu, ko jinjiri sai haka. Ƙasar gonarmu ba ta yi musu ba, sai da ya je ya ɗebo tsakuwa daga tudun Malbaza, ya haɗa da yashi da gawayi dakakke. Ya je wurin maginiyar tukwane ya ce ta yi masa ƙananan kasake, ta huda kowanne a gindi. Matar ta ƙi. Ta ce shekara talatin tana gini, ba ta taɓa jin wanda ya biya kuɗi a ɓata masa kasko ba, mutane za su ce hannunta ya lalace. Sai da ya saye su lafiyayyu ya zo gida ya huda da ƙusa, rabi suka fashe. Zafin bazarar farko ya kashe masa guda huɗu. Ya kafa musu rumfar zana a gefen zaure inda rana ba ta daɗewa, da damina ya rufa musu kwano a sama. Ruwa kuwa da cokali yake ba su, shi ma sai lokacin da suke girma. Da zarar sanyi ya shigo sai ya ɗauke cokalin gaba ɗaya, ko ɗigo, har wata uku. Ya ce barci suke yi, in aka shayar da su a cikin barcin ruɓewa suke daga gindi, in kuwa aka bar su da ƙishirwarsu, sanyi na wucewa za su yi fure.

Suka riƙa fitar da 'ya'ya a gefe, yana cirewa yana dasawa, har kasaken suka kai wajen talatin. A nan ne aikin da ya fi so ya fara, wato raba su gida-gida. Tambayoyinsa uku ne, har na haddace su: akwai nono ko babu, yaya ƙayar ta kwanta, daga ina furen ke fita. Akwai masu farar ƙaya mai laushi da ta lulluɓe su, ya ce da su Furfurar Kaka. Akwai waɗanda ƙayarsu ta kwanta dama da hagu a jere, su ne Mataji. Akwai masu tsini ta ko'ina, Kan Bushiya. A cikin kowane gida kuma ya sake rabawa da launin fure, na jan barkono daban, na ruwan goro daban, na ruwan ɗorawa daban. Yakan yanka gwangwanin sardin, ya rubuta da ƙusa, a sama sunan da Baturen ya bar masa mai karya harshe, a ƙasa nasa sunan da ajami, ya soka a gefen kasko.

Wata shekara Baturen ya aiko masa da wasiƙa, ni na karanta masa inda rubutun ya cakuɗe. Ya ce masana a can sun sake shawara, iri biyar da Baffa ya raba yanzu an ce duk abu ɗaya ne, suna guda za a kira su. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya jawo kasake biyu ya ajiye a gabana. "Duba! Wanga da wanga ɗaya ne? Makaho ma ya shafa ya san ba ɗaya ba ne. Ashe su ma sun zama mutanen garinmu, kowane mai ƙaya tinya." Bai cire ko gwangwani guda ba.

Rigimarsa da Baba a shekarar babban fari ta faru. Rijiyoyi suka ja, mata na kwana a layi, sai magana ta fara yawo cewa ga wani can yana shayar da ƙaya mutane na ƙishirwa. Wanda ya fara faɗa bai taɓa ganin cokalin ba. Ana cikin haka Baba ya ɗaure sansa na noma a gidan Baffa kwana biyu, ya tafi Konni neman dusa. Ya dawo ya taras san ya faɗi. Yunwa ce ta kashe shi, kamar yadda ta kashe na kowa a shekarar, ƙasusuwansa ana ƙirgawa tun yana tsaye. Amma mutumin da ya rasa san nomansa ba ya jin wannan. Bayan sallar la'asar, a ƙofar masallaci, Baba ya ɗaga murya ya ce, "Tinyarka ta kashe mini sa."

Baffa ya juya. Ya tafi gida ya dawo da kasko guda a hannu. Ya zaro allurar daga hula, ya soka, wani ɗan ruwa garai ya fito. Ya lakata da yatsa ya sa a harshensa a gaban jama'a, ya ce, "Yaya, tinya nono gare ta. Wanga ruwa ne. Soka ka gani." Ya miƙa masa allurar.

Baba bai karɓa ba. Ya ce, "Wanda ya shuka dahi ai shina da makarinshi." Ya saɓa rigarsa ya wuce.

Daga ranar sunan ya zauna. Daga ranar kuma Baba bai sake taka gidan ƙanensa ba, gaisuwa ce kawai a masallaci, ita ma da kai. Ni ina tsakiya. In na zo hutu in gaida wannan in gaida wancan, kowa na jira in kawo maganar ɗan'uwansa, ni kuwa ba ni da bakin kawowa.

A nan Baffa ya yi kuskuren da har yau nake jin haushinsa. Ya sa wani direban babbar mota ya kawo masa tinya ta gaske daga cikin Nijeriya, 'yar ƙarama, ya dasa ta a kasko ya ajiye a ƙarshen layi. Na ce, "Haba Baffa! Ana ce maka Mai Tinya, ka je ka sayo ta?" Ya ce ta ina mutum zai gane bambanci in bai ga biyun ba? Duk wanda ya zo zai soka masa wannan ya ga ruwa, ya soka waccan ya ga nono, magana ta ƙare. Shi a ganinsa mutane bayani suka rasa. Babu wanda ya zo. A shekarun nan duka, ni da Inna kaɗai muka san cewa a cikin kasaken akwai tinya guda, sauran kuma ba ita ba ne.

Maganar Bafillacen ma a cikin farin nan ta faru. Yana sarar aguwa, itacen nan mai farin nono, a shingen wata gona don dabbobinsa su wuce, nonon ya fantsama masa a ido. Ya shigo gari yana ihu, idon ya yi jawur, mutane sun kewaye shi kowa na faɗin nasa magani, wani na cewa a tofa masa taba. Baffa ya ja shi cikin gida ya kwantar da shi, ya ɗauko tulun da Inna ta yini a layi kafin ta samu, ya buɗe idon da yatsunsa ya dinga zuba. Tulun ya ƙare, ya ɗauko na biyu. Inna na tsaye tana salati. Ranar da ruwan maƙwabta muka yi tuwo. Mutumin da ake ce wa yana ɓarnar ruwa a kan ƙaya, sau ɗaya na ga ya yi ɓarnar ruwa, kuma a idon baƙo ya yi ta.

Furen kuwa, ban san yadda zan faɗa muku ba. Sanyi na wucewa sai ka ga wasu 'yan ƙuraje sun fito daga can gindin dunƙulen, kusa da tsakuwa. Bayan kwanaki, da hantsi, sai su buɗe. Furen ya kusa fin uwarsa girma, ja wur, wani ruwan goro, sun kewaye ta har ba ka ganin ƙayar. Rana na yin sanyi su rufe, gobe su sake buɗewa, kwana uku ko huɗu shi ke nan sai baɗi. Yakan aiko mini da saƙo har Illela ta bakin direba: a gaya wa mushe Furfurar Kaka ta buɗe. In na zo in same shi tsugune, hula a gwiwa, yana murmushi shi kaɗai. Ita kanta Inna takan zo ta tsaya, ta ce, "To, ba laifi," ta koma.

Kowace shekara yakan zaɓi wanda ya fi kyau ya ɗora a kan katangar da ke bakin hanya, daidai lokacin da Baba ke wucewa zuwa masallaci. Shi kuma yana zaure yana leƙe. Kowace shekara Baba yakan wuce kansa na kallon gabas. Sau ɗaya na ji Baffa ya ce, ba da ni yake ba, "Da zai duba sau guda." Abin da yake so a duniya ke nan, wansa ya ga furen da idonsa, ya san abin da ke yin wannan ba dafi ba ne.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi. Da na zo ganinsa, ana saura kwana huɗu, ya sa na fito da shi rana a gefen rumfar. Ya nuna mini gindin Mataji da yatsa, ya ce bana za su yi fure fiye da kullum, ya gani. Sai ya kama hannuna.

"Ɗana, ka ji. Daga yanzu har sanyi shi wuce, ko ɗigo. Ba mai ƙinsu nika tsoro ba, mai ƙinsu ba shi zuwa kusa. Mai tausayi nika tsoro. In sun buɗe, ka ɗora guda bisa katanga."

Na ce, "In sha Allahu da hannunka za ka ɗora."

Ya ce, "Bar wannan. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji.

Ranar da ya rasu Baba ne ya yi masa wanka. Da ya fito, na ga hular Baffa a hannunsa, ya cusa ta a aljihu. Kwana biyu bai yi magana da kowa ba, abinci ma sai an matsa. A rana ta uku, bayan an yi addu'a an raba sadaka, ya ɗauki butarsa zai yi alwala, sai ya tsaya a gaban rumfar. Shekara goma bai zo kusa da ita ba. Ya daɗe yana dubansu. Sun yanƙwane kamar yadda suke yi kowane sanyi, ƙasarsu ta bushe ƙamas. Na ji ya ce, "Wayyo ƙanena. Ka tahi ka bar su da ƙishirwa."

Ya durƙusa ya fara zuba musu ruwa. Kasko bayan kasko, a hankali, hawaye na bin gemunsa. Butar ta ƙare ya ce a ƙaro.

Ina zaune taku biyar daga wurin. Maganar tana bakina, kalma uku ce, Baba a bari. Na buɗe baki na rufe. Yaya zan yi? Mutumin da ban taɓa ce wa ya matsa ba, ranar da ya zo neman gafarar ƙanensa, a gaban mutane, in ce masa abin da yake yi ɓarna ce? Na ce a raina sau ɗaya ba zai kashe su ba, kasaken a huje suke. Liman ya ce, "Madalla, wannan sadaka ce mai gudana." Shi ke nan. Mu mutanen da fari ya gasa, wa zai yarda ruwa na kashe tsiro? Duk wanda ya yi alwala sai ya juye ragowar butarsa a rumfar, har tsohon jandarman nan. Waɗanda jiya suke tofi, yau suna neman lada.

Na shiga wajen Inna, tana cikin takaba, na ce ta yi magana. Ta dube ni da jajayen idanu. "Ni in hana wan mijina? Kai ne ɗiyanshi. Kai anka bar wa." Na yi tunanin in kwashe kasaken in ɓoye, amma Baba ya riga ya mai da wurin wajen zamansa, kullum bayan la'asar yana nan da butarsa, kuma tun rasuwar sai a wurin ake ganin ya ɗan saki fuska. Na riƙa bi a bayansa ina karkata kasaken ina tsiyaye ruwan kamar ɓarawo. Kwana bakwai suka cika, hutun da aka ba ni ya ƙare, na koma Illela. Na hau motar ina sane da abin da na bari. Kada wani ya ce mantawa na yi, ban manta ba, tsoro na ji.

Na dawo ana gobe sadakar arba'in. Tun daga zaure na ji warin. Na taɓa Furfurar Kaka, yatsana ya shige ciki. Mataji ya zama baƙin ruwa, 'yan ƙurajen furen da Baffa ya nuna mini suna manne a jikin ruɓaɓɓen. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu mai rai. Sai guda a ƙarshen layi, ta yi kore shar, ta ƙara ƙiba, ruwan ya karɓe ta. Tinyar ce.

Washegari da hantsi aka taru. Bayan an shafa fatiha Baba ya miƙe, abin da bai saba ba, ya ce jama'a su dakata. Ya je rumfar ya ɗauko kaskon da ya rage, ya ajiye a tsakiyar tabarmi. Ya ce, "Ku shaida. Ni na sa wa ƙanena sunan da kuka kiranshi da shi. Ƙarya na yi mishi, yunwa ta kashe sana. Sauran sun bi mai su, wagga ɗai Allah ya bar muna. Ranar nan ya ba ni allura na ƙi karɓa. Yau zan karɓa."

Ya fito da hular daga aljihu, ya zare allurar. Kafin in tashi ya soka. Farin nono ya ɓullo, mai kauri, ya gangaro. Idon Baba ya riga ya raunana, bai ga launin ba. Ya lakata da yatsa, ya nufi bakinsa.

Ban san lokacin da na tsallake mutane ba. Na cafke wuyan hannunsa. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe hannun mahaifina ba sai ranar. Na ce, "Baba, a'a! Wagga tinya ce."

Sai na ji daga baya wani ya ce a hankali, "Ashe dai." Wani ya amsa, "Ai mun faɗa." Na juya ina cewa ita kaɗai ce, don gwaji ya ajiye ta, sauran ba ita ba ne, ruwa gare su, fure suke yi. Sauran ina suke? Ga su can baƙi ƙirin suna wari. Da me zan nuna? Mutane suka fara neman takalmansu.

Na goge yatsan Baba da gefen rigata, na wanke shi da ruwan butarsa. Bai janye hannun ba. Da aka watse ya rage mu biyu, ya ce, kansa a ƙasa, "Sauran, mi ya kashe su?"

Da na iya ƙarya da na yi. Na ce, "Ruwa, Baba. Ba a shayar da su da sanyi. Ya gaya mini."

Ya dubi butar da ke hannuna. Sannan ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko a rayuwata, ya kira sunana. Ya ce, "Kana kallona, ka yi shiru?"

Shekara huɗu ke nan. Baba bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake kiran sunana ba. Tinyar na tone ta na ƙone a bayan gari. Gwangwanayen suna nan a wata jaka a ɗakina, ashirin da tara, kowanne da suna biyu, babu abin da zan soka su a gefensa. A garinmu har yau in ana kwatancen gidan, gidan Mai Tinya ake cewa, yanzu ma da hujja.

Ni na ga furen. Inna ta gani. Mu biyu muka rage, ita kuma ta tsufa. Ya Allah, Kai da Ka san abin da ke cikin kowane tsiro ba sai Ka soka ba, Ka jiƙan Baffana, Ka sanyaya makwancinsa, Ka haɗa shi da wansa a inda babu sauran bayani. Ni kuma Ka yafe mini kalma ukun da ban faɗa ba.